Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Sabuwar Fasaha Ta Riƙa Shiga Khartum da Umdurman



A 'yan shekarun nan babu abin da ke faranta mini rai kamar ganin yadda matasanmu na Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi suka tashi haiƙan wajen koyon ilimin kwamfuta. Wannan ya ƙirƙiro manhajar cinikin hatsi, wancan ta neman likita, wani kuma ta haɗa fasinja da mai A-daidaita-sahu. Sai dai in ka zauna da su, kuka ɗaya za ka ji a bakin mafi yawansu: sun kwana sun yini sun gina abu mai kyau, amma jama'a sun ƙi ko kallonsa. Wasu su ɗora laifin a kan rashin wayewar mutanenmu, wasu su ce rashin kuɗin talla ne, da suna da abin biyan Facebook da gidajen rediyo da tuni an wuce wurin.

Ni kuwa a nawa ganin matsalar ta girmi Facebook, ta girmi intanet, kuma tarihi ya riga ya nuna inda maganinta yake. Shi ya sa na ga ya dace mu leƙa Sudan, mu bi sawun yadda sabbin na'urori suka riƙa shiga Khartum da Umdurman cikin kusan shekara ɗari. Dalilina biyu ne. Na farko, mutanen can 'yan'uwanmu ne, halin kasuwarsu da namu kusan ɗaya ne. Na biyu, matasan can sun kafa kamfanoninsu a lokacin da aka toshe musu kusan duk hanyoyin tallar zamani da namu matasan ke kukan ba su da kuɗin biya. Abin da na fahimta daga tarihin nan shi ne, duk wata fasaha da ta samu karɓuwa a can, sai da ta samu wani ɗan gari da jama'a suka sani suka amince da shi, ya tsaya mata, ya fassara ta da harshen da ake ji.

Gari uku a bakin kogi

Ga wanda bai san wurin ba, babban birnin Sudan garuruwa uku ne da suka haɗu a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gwama: Khartum, da Bahri, da Umdurman. Kafin yaƙin 2023, Khartum ita ce ta ofisoshi da bankuna da gidajen jakadanci. Umdurman kuwa ita ce garin jama'a. Ta bunƙasa ne daga 1885, lokacin da mabiya Mahadi suka mayar da ita hedikwatarsu, har zuwa yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumban 1898 da Turawan Ingila suka ci ta. Babbar kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin ƙasar, kuma abin da ya karɓu a Umdurman, to ya karɓu a Sudan.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Ta nan hanyar alhazanmu ta ƙafa ta bi, kuma da yawa sun yada zango ba su ƙara gaba ba. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, guminsu na cikin abin da ya raya su. Har yau in ka ji Basudane yana neman “agashe”, tsirenmu yake nufi, kuma da sunan da Bahaushe ya raɗa masa yake kiran sa.  Ƙamshi da ɗanɗano da bakin wanda ya ci su suka kai shi kowane lungu.

Garmaho a gidan gahawa

Bari mu fara da garmaho, wato na'urar faifai mai ƙaho. A shekarun 1920 ta fara yaɗuwa a Khartum, amma faya-fayan da ke zuwa da ita na Masar ne da na Turai. Mai kuɗi ya saya ya ajiye a falo, talaka kuwa ba abin da ya dame shi da ita, don muryar da ke fitowa daga ƙahon ba ta garinsu ba ce.

Wani ɗan kasuwa a Khartum mai suna Dimitri al-Bazar yana cikin waɗanda suka gane bakin zaren. Maimakon ya tsaya yi wa mutane bayanin yadda allura ke bin layin faifai, sai ya riƙa tura mawaƙan ƙasar zuwa Alƙahira ana ɗaukar muryoyinsu. Ta irin wannan hanya muryoyin su Muhammad Ahmad Sarur da Abdulkarim Karoma da Khalil Farah suka hau faifai. Masu gidajen gahawa na kasuwar Umdurman suka sayi garmaho don jawo masu shan shayi, mutum ya zauna da kofinsa ya ji mawaƙin da ya saba gani a gidan biki yana rera waƙa daga cikin akwati. Wanda ya ji yau, gobe ya zo da abokinsa.

A lura da abu biyu a nan. Wanda ya sayi na'urar daban, wanda ya fara jin daɗinta daban. Mai gidan gahawa ya sa kuɗinsa ne don ribar kansa, amma shi ya zama mai tallar garmaho ba tare da wani kamfani ya biya shi ko kwabo ba. Sannan abin da aka tallata waƙa ce, na'urar ta biyo baya. Waɗannan faya-fayai su ne daga baya Salah Ahmad Muhammad Salih ya riƙa ɗebowa a jakarsa yana sa wa a wani shirin rediyo mai suna Haƙibatul Fanni, ma'ana jakar fasaha, har sunan Haƙiba ya bi wannan salon waƙa zuwa yau.

Lasifika a ƙofar gidan waya

A 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe Rediyon Umdurman a wani ɗan ɗaki cikin gidan waya na garin. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifar da shi, domin sojojin Italiya suna kan iyaka, har ma sun kama Kasala a watan Yulin shekarar, Ingila kuma tana son mutane su ji labarin yaƙi daga bakinta. Shirin rabin awa ne a rana. Matsalar ita ce ba kowa ke da akwatin rediyo ba, don haka aka kafa lasifika a filin da ke gaban gidan wayar, jama'a su taru da yamma su saurara. Haka aka yi a Kano 'yan shekaru bayan nan, lokacin rediyo mai waya.

To amma lasifika na tara mutane ne kawai, ba ta sa su yarda. Kowa ya san muryar gwamnati ce. Abin da ya shigar da rediyo zukatan mutane shi ne karatun Alƙur'ani da waƙoƙin gida da muryoyin da aka sani. A nan ne wata 'yar'uwarmu ta shiga tarihi. Aisha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da Aisha al-Fallatiya, 'yar wani malami ce mai asali daga ƙasar Sakkwato. A farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman, a zamanin da ake ganin hakan babban abin kunya ne ga ɗiya mace, kuma ta sha tsangwama a kai. Ta yi waƙa da Larabcin Sudan, ta yi da Hausa, ta zagaya sansanonin sojojin Sudan lokacin yaƙi, ta rasu a 1974. Muryarta ta sa matan da ke cikin gida, waɗanda ba sa zuwa filin gidan waya, suka ji cewa akwatin nan da su ma yake magana.

Wannan ya tuna mini da abin da aka yi a Zariya a 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sunan jaridar kaɗai ya faɗi farashinta ya kuma faɗi alkawarinta, sannan aka sa Malam Abubakar Imam, wanda mutane suka riga suka san alƙalaminsa, ya riƙe ta. Injin ɗab'i na Bature ne, amma bakin da ya yi magana na gida ne.

Katin waya ya zama kuɗi

Mu tsallaka zuwa 1997, shekarar da kamfanin Mobitel ya fara aikin wayar salula a Khartum. Cikin masu hannun jari a kamfanin har da kamfanin Mo Ibrahim, injiniya ɗan Sudan da ya yi aiki da British Telecom kafin ya kafa nasa a 1989. Tarihin wannan mutumi yana nuna cewa mai sabon kamfani kasuwa biyu yake ci a lokaci guda: kasuwar masu saye da kasuwar masu ba da jari. Lokacin da ya tashi shimfiɗa wayar salula a ƙasashen Afirka daga 1998, bankunan Turai sun yi ta ja da baya, don a ganinsu nahiyar yaƙi da fatara ce, ba mai iya biyan kuɗin waya. Sai da ya yi shekaru yana lallashi da lissafi. A 2005 aka sayar da kamfanin nasa, Celtel, ga MTC na Kuwait a kan dala biliyan 3.4. Mutanen Nijar sun san Celtel tun 2001, mu ma a Nijeriya mun ga yadda Vmobile ya koma Celtel a 2006, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. A Sudan kuwa Mobitel ya zama Zain a 2007, kuma sunan bai canja ba har yau.

Da farko wayar ta masu hali ce. Abin da ya sauko da ita hannun talaka shi ne katin da ake kankarewa, wanda mutum zai saya daidai ƙarfinsa a wurin mai shagon unguwarsu, sai kuma gasar da ta ɓarke bayan shigowar Areeba a 2005, wanda daga baya ya zama MTN. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne amfanin da jama'a suka ƙirƙiro da kansu. Kamfanoni sun ba da damar tura kuɗin kira daga layi zuwa layi, don mutum ya taimaki ɗan'uwansa da na kira. Mutanen Sudan suka mayar da ita banki. Lebura a Khartum zai sayi kati ya tura wa wani mai shago a ƙauyensu a Kurdufan ko Darfur, mai shagon ya cire kasonsa, wanda yakan kai kashi 10 cikin 100, ya miƙa wa mahaifiyar leburan sauran a hannu. Suna ce da wannan “tahawil rasid”.

Babu injiniyan da ya zana wannan tsari, babu allon talla da ya koyar da shi. Ya tsaya ne a kan amanar da ke tsakanin tsohuwa da mai shagon da ta sani tun yana yaro. Kashi goma kuɗi ne mai yawa a wurin talaka, amma ya gwammace ya biya wanda zai iya kai ƙararsa wurin mai unguwa in an samu matsala. Duk wanda ya san aikin fatoma da dillali a tsohon fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja zai gane wannan nan take. Baƙo ya zo da kaya, amma sai mai masauki ya tsaya masa kafin a yi ciniki.

Talla a ƙarƙashin takunkumi

A shekarar da Mobitel ya fara aiki, a watan Nuwamban 1997, Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki, bayan tun 1993 an sa ta cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da taimaka wa ta'addanci. Takunkumin ya kai shekara 20, sai a Oktoban 2017 aka ɗage shi, sunan ƙasar kuma bai fita daga jerin ba sai 14 ga Disamban 2020.

Mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi ga matashin da ya gama jami'a a Khartum yana son kafa kamfanin manhaja. Babu katin Visa, babu Mastercard, babu PayPal. Ba shi da hanyar biyan kuɗin ajiye manhajarsa a manyan kwamfutocin waje sai ta hannun wani ɗan'uwa a Dubai ko Riyad. Ƙofar tallar kuɗi ta Facebook da Google a rufe take gare shi. Shafukan koyon sana'ar tasa da yawa ba sa buɗewa sai da manhajar ɓoye wuri. Sai a 2015, bayan Amurka ta sassauta dokar kan kayan sadarwa, aka fara sauke manhajojin kyauta na Google Play a ƙasar kai tsaye.

Duk da haka an yi kasuwanci. Waɗanda suka fara nuna hanya mata ne, waɗanda ake kira “tajirat al-Facebook”, wato 'yan kasuwar Facebook. Daga cikin ɗakunansu suka riƙa buɗe zaurukan mata zalla suna sayar da humra da dilka da turaren wuta da laffaya, kayan da matanmu suka sani sarai. Ba su biya kowa kuɗin talla ba. Jarinsu shi ne shaidar wadda ta saya: ta gwada, ta dawo zaure ta faɗa a gaban dubban mata. Wadda ta yi algus kuwa, a zauren za a tona ta, kasuwarta ta mutu a yini ɗaya.

A 2016 aka kafa Tirhal, manhajar kiran mota, a garin da mutane suka saba tsayawa a rana suna ciniki da direban tasi ko na ƙaramar motar da suke kira amjad. Sunan kalmar Larabci ce mai nufin tafiya, kowa na iya furta ta. Ana biya da tsabar kuɗi a hannu, don babu kati. Kowane direba da ya shiga ya zama mai bayani, shi zai nuna wa fasinja yadda ake latsawa, ya kuma jawo abokan sana'arsa. Abin da ya ja mutane a fili yake: ka san kuɗin tafiyarka ba tare da cacar baki ba, kuma akwai sunan direba da lambar motarsa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye masu 'ya'ya mata.

A shekarar ce kuma Tarneem Saeed ta kafa Alsoug, ma'ana kasuwa, dandalin da mai gida ko mota ko waya zai sa kayansa mai saye ya gani. Da kamfanin ya shiga harkar biyan kuɗi, sai ya fito da Cashi, ya raba na'urori ga masu shaguna a unguwanni, mutum ya je da kuɗinsa ya biya na wuta ko na waya a hannun wanda ya sani. Wato dai sun koma wurin mai shagon nan na zamanin tahawil rasid, suka ba shi na'ura. A Oktoban 2021 Alsoug ya samu jarin dala miliyan 5, da kamfanin Fawry na Masar a cikin jagororin masu zubawa, aka yi ta ba da labarinsa a matsayin irinsa na farko daga waje tun bayan ɗage takunkumi.

Wani kamfanin, Bloom, ya zama na farko daga Sudan da ya shiga shirin renon kamfanoni na Y Combinator a Amurka a 2022, ya kuma tara dala miliyan 6.5 a watan Yulin shekarar, har da hannun Visa. Saƙonsa ga jama'a gajere ne: ajiye kuɗinka da dala. Ba ya buƙatar dogon sharhi a ƙasar da a Fabrairun 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 400 cikin 100 a watan Yulin wannan shekara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ambaci wurin yoyon da sunansa shi ake saurara.

Ranar da aka kashe intanet

Akwai wani darasi mai ɗaci da Sudan ta koyar, wanda bai kamata a tsallake shi ba. Bayan zanga-zangar da ta faro daga Atbara a Disamban 2018 kan tsadar burodi, wadda ta kai ga kifar da Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019, jami'an tsaro sun tarwatsa zaman dirshan da ake yi a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni, aka kashe mutane da dama. Nan take aka katse intanet na wayar hannu. Wani lauya, Abdul'azim Hasan, ya kai kamfanin Zain kotu ya yi nasara, amma layinsa kaɗai aka buɗe, sai da ya sake komawa a madadin jama'a kafin a dawo wa kowa ranar 9 ga Yuli. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, 'yan makonni kacal da sanar da jarin Alsoug, an sake katsewa na fiye da mako uku.

Duk kamfanin da rayuwarsa ta rataya a kan shafin Facebook ko manhaja kaɗai, a waɗannan makonni kamar an rufe masa shago ne an tafi da makulli. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma a tsakiyar wannan duhu, ranar 30 ga Yunin 2019, ɗimbin jama'a suka cika titunan Khartum da Umdurman da Bahri. Da me aka kira su? Da saƙon tes, da takardun da aka raba hannu da hannu, da rubutun bango, da kwamitocin unguwanni masu bi gida gida. Ban kawo wannan don in haɗa jinin mutane da ciniki ba. Na kawo shi ne don ya nuna cewa saƙon da mutane suka ɗauka nasu ne yana tafiya ko da an tsinke waya.

Daga mBOK zuwa Bankak

Misali na ƙarshe shi ne wanda ya fi kowanne nauyi. Bankin Khartum, wanda asalinsa ke komawa 1913, ya fito da manhajarsa a 2014 da suna mBOK, haruffan Turanci da ba su da ma'ana a kunnen mai sayar da tumatir. Daga baya aka sauya mata suna zuwa Bankak, wato “bankinka” da Larabcin titi. Ƙarancin takardun kuɗi da ya addabi ƙasar daga 2018, lokacin da mutane ke kwana a layin banki, ya tura jama'a gare ta. Gaskiya ne larura ta yi rabin aikin. Amma sauran rabin masu shaguna da direbobi da mahauta ne suka yi shi, ranar da suka fara cewa “turo ta Bankak”, har kalmar ta shiga bakin yara.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, aka wawashe bankuna, aka ƙona kasuwanni, fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Ɗalibanmu da ke karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantun Khartum, waɗanda aka kwaso ta iyakar Masar da Port Sudan, shaidu ne a kan wannan. Kamfanonin matasa da yawa sun watse, masu su suka koma Alƙahira da Nairobi da Riyad. Bloom ma ya sauya suna zuwa Elevate ya karkata ga wasu ƙasashe. Ginin Rediyon Umdurman kansa ya faɗa hannun RSF, sai a Maris na 2024 sojoji suka karɓe shi.

A cikin wannan hali Bankak ta zama igiyar rai. Da ita 'yan Sudan mazauna waje ke tura wa iyayensu na abinci, da ita ake tallafa wa “takaya”, wato tukwanen sadaka da matasan unguwanni ke dafa wa jama'a. Da aka katse layuka a Fabrairun 2024, mutane suka riƙa biyan kuɗin awa a wuraren da aka kafa Starlink don kawai su buɗe manhajar. Sai dai ɗan garin da ya tsaya wa fasaha shi ma yana iya cin amana: masu canja kuɗin manhaja zuwa tsaba sun riƙa yankar kaso mai tsoka daga hannun mutanen da ba su da zaɓi. Don haka wanda ya jingina kamfaninsa da dillalai, wajibi ne ya sa ido a kan abin da suke yi da sunansa.

Mu kuma fa?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga an rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Mun ga an katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mun ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, da yadda masu POS na bakin titi suka zama bankin talaka, suka kuma koya wa iyayenmu amfani da OPay da Moniepoint fiye da yadda kowace talla ta koyar.

Saboda haka shawarata ga ƙannena masu kafa kamfanonin fasaha ita ce, kafin ku nemi kuɗin talla ku amsa tambayoyi huɗu. Shin sunan abinku, tsohuwa a Kurmi ko Kasuwar Kwari za ta iya furta shi ta kuma gane inda ya dosa? Shin za ku iya faɗin ciwon da yake warkarwa a numfashi ɗaya, da Hausa, ba tare da ambaton yadda aka gina shi ba? Wane ne mai gidan gahawarku, wato mai shago ko shugaban 'yan tasha ko uwar adashi ko malamin Islamiyya da zai ci riba in ya tsaya muku, kuma jama'a su yarda da shi? Sannan in aka wayi gari babu intanet, kuna da lambobin masu sayenku da hanyar isa gare su?

Na lura da yawanku kun ƙware wajen shirya bayani da Turanci don masu zuba jari, kuma hakan na da amfaninsa, Mo Ibrahim ma sai da ya yi shi. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan harshe a shiga da shi kasuwa. Mai jari yana tambayar yawan mutanen da za ku samu nan da shekara biyar. Mai saye kuwa tambayarsa ɗaya ce: in kuɗina ya maƙale, wurin wa zan je? Wanda ya tanadi amsar wannan tambaya da sunan mutum da wurin zamansa, ya gama rabin talla.

Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya raya kasuwar Umdurman. Mu kuma Ya ba matasanmu basira da haƙuri da riƙon amana. Wassalam.